Yadda Masu Fatsa a Tekun Birtaniya Ke Kauce wa Kifin Kare

A gaɓar tekun Birtaniya da Ayalan, musamman a yankin Wales da mashigin Bristol da kudu maso yammacin Ingila, babu kifin da masu fatsa ke yawan kuka da shi kamar wanda suke kira dogfish, wato kifin kare, domin sau da yawa mutum zai jefa ƙugiya da nufin kama kifin kod ko bas, sai ya tarar wannan ɗan kifi ya riga su haɗiye koton. Kifin kare ƙaramin jinsi ne daga dangin shak, jikinsa na guringuntsi ne ba na ƙashi ba, launinsa ruwan yashi mai ɗigo-ɗigon baƙi, kuma da wuya tsawonsa ya kai mita 1. Masana suna kiransa Scyliorhinus canicula, ana kuma samunsa tun daga gaɓar Norway har zuwa Senegal, haɗe da tekun Bahar Rum.

Kasancewar sanin hali ya fi sanin kama, duk dabarar kauce masa ta dogara ne a kan fahimtar yadda yake neman abinci. Kifi ne mai zama a ƙasan ruwa, a kan yashi ko tsakuwa ko laka, ya fi kiwo da dare, kuma hancinsa yana jin ƙanshin mai da jini daga nesa. Bayan hanci, akwai wasu ƙananan ramuka a fatar kansa waɗanda ke jin ɗan ƙarfin lantarkin da jikin kowace halitta mai rai ke fitarwa, kuma a shekarar 1971 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Adrianus Kalmijn ya nuna cewa wannan kifi yana iya tono kifin da ya ɓuya cikin yashi ta hanyar wannan ji kaɗai, ko da an hana ƙanshi isa gare shi. Saboda haka koton da aka ajiye a ƙasa, yana zubar da mai cikin duhu, tamkar goron gayyata ne a gare shi.

Mataki na farko shi ne sauya koto, wato abincin da ake soka wa ƙugiya. Yankan makarel, kifin nan da ake sayarwa a daskare a kasuwannin Nijeriya da sunan titus, shi ne ya fi janyo shi saboda yawan mai, sai naman sukwid da ƙananan kifayen yashi. Mai neman bas ko ɗan shak ɗin da ake kira simuzhawun yakan koma ga ƙaguwar da ke dab da saɓa, wato wadda tsohon ɓawonta ya saki, ko kuma tanar teku, domin waɗannan su ne abincin da kifayen da ake nema suka fi so. Wannan yana rage yawan kifin kare ne kawai, ba ya kawar da shi, tun da yake ba ya zaɓen abinci idan yunwa ta kama shi.

Mataki na biyu, wanda ya fi na farko tasiri, shi ne ɗaga koton daga ƙasa. Maimakon a bar dalmar da ake ɗaura wa zare ta kwantar da ƙugiya a kan yashi, sai a zura 'yan ƙwallaye marasa nauyi a zaren kusa da ita domin koton ya riƙa lilo a sama kaɗan, ko kuma a rataye shi a ƙarƙashin abin da ke yawo a bisa ruwa. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne koton roba ko na ƙarfe da ake jefawa ana janyowa, domin ba shi da ƙanshi, yana kuma tafiya da saurin da kifin kare, wanda ba gwanin gudu ba ne, ba ya damuwa da binsa. Wasu kuma sukan yi amfani da babbar ƙugiya da ƙaton koto saboda bakinsa ƙarami ne, sai dai yakan tsaya yana yagar naman har ya bar ƙugiyar fayau.

Lokaci da wuri ma suna da nasu rabo, domin an fi cin karo da shi bayan faɗuwar rana, a ruwa mai kwanciya, yayin da wurin da igiyar ruwa ke dukan gaɓa da ƙarfi ya fi dacewa da mai neman bas. Yakan taru da yawa a wuri guda, don haka idan an kama biyu ko uku a jere, abin da ya fi shi ne a gusa, ko a sauya nisan jifa, maimakon a ci gaba da ciyar da garke.

Idan kuma ya kamu duk da haka, fatarsa tana da kaushi irin na takardar da kafinta ke goge katako da ita, kuma yakan lanƙwashe ya nannaɗe hannu ya kuje fata, shi ya sa ake haɗa jelarsa da kansa a riƙe a hannu ɗaya kafin a cire ƙugiya a mayar da shi ruwa, inda galibi yakan rayu. Namansa ma ana ci bayan an feɗe fatar, masu gasar fatsa kuwa suna maraba da shi a ranar da sauran kifaye suka ƙi ci. Babu dabarar da ke raba mai fatsa da kifin kare baki ɗaya, amma wanda ya ɗaga kotonsa daga ƙasa, ya rage mai, ya kuma guji duhu, zai fi samun abin da ya fito nema.