Tukunyar Lantarki Mai Ɗumama Gida A Ingila: Wayarta Da Kuɗinta

 A makon nan maganata da ku ce, ku da ke shirin tafiya Ingila, ko don karatu, ko aikin jinya, ko kuwa bin maigida. Wadda ba ta da niyyar zuwa ko'ina ita ma kada ta juya shafi, watakila tana da 'ya ko ƙanwa a can, sai ta aika mata.

Sanyin ƙasar nan ba irin hunturunmu ba ne da ke sakin mutum da hantsi. Daga wajen Oktoba har Afrilu ana fama da shi dare da rana, ba a kuwa hura gawayi a kasko cikin ɗaki. Abin da su ke yi shi ne, a galibin gidaje akwai wata tukunya da su ke kira boila, wadda ke dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya shiga cikin wasu fayafayan ƙarfe da ke manne da bangon kowane ɗaki, su yi zafi, ɗaki ya ɗumama. A yawancin gidaje da gas ta ke aiki. Amma akwai gidajen da bututun gas bai kai ba, kamar na ƙauyuka da wasu dogayen benaye. Na benayen da dalilinsa: a 1968 wata mata a hawa na 18 na wani bene mai suna Ronan Point a gabashin London ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi, ashe gas ya yi yoyo, gefe guda na ginin ya rushe, mutum huɗu suka rasu. Daga nan aka hana gas a irin waɗannan gine-gine. To, a gidajen da ba gas ne za ki tarar da tukunya ta lantarki.

Kada in zalunce ta, tana da kirkinta. Ba ta hayaƙi, ba ta bukatar bututun fitar da shi, ba ta kuma fitar da mugunyar iskar nan marar wari da ke kashe mutane cikin barci. Ba ta da ƙara, ƙarama ce, ta kan shige cikin kabad. Saboda haka masu gidajen haya su ke son ta. Amma fa ba su ke biyan kuɗin wuta ba, ke ce.

Mu fara da waya. Wutar gida a can bolt 230 ce, daidai da tamu, fulogin ma irin namu ne mai ƙafa uku. Fulogi ɗaya amfiya 13 ya ke ɗauka, watau kamar kilowat 3, abin da butar lantarki mai ƙarfi ke ci ke nan. Ita kuwa tukunya madaidaiciya kilowat 9 ta ke ci, wata ma 12. Ki ɗauka kin jona buta uku ko huɗu gaba ɗaya, kin bar su suna ta tafasa. Mai 9 tana jan amfiya 39, mai 12 tana jan 52. Don haka ba a jona ta a soket ko kusa. Sai an ja mata wayarta ita kaɗai, mai kauri, tun daga akwatin wutar gidan, da makatsarta ta kanta. Siririyar waya in aka ɗora mata wannan kaya zafi za ta yi a cikin bango inda ido ba ya gani, har robar ta narke.

Akwai kuma babban fis da ke bakin shigowar wuta, kusa da mita. Wani gida 100 ne, wani 80, tsofaffin gidaje kuwa 60. To, lissafa mini: gida mai 60, tukunya ta ja 52, ke kuma kin ɗora buta ta ja 13. An wuce ke nan, tun ba a kunna murhu an ɗora tuwon dare ba. Fis ɗin nan na kamfanin wuta ne, da hatiminsu a jiki, su kaɗai ke canza shi. Sabuwar waya kuma dokar Ingila tun 2005 ta ce sai gwanin da ke da rajista ya ja ta, ko kuwa a sanar da hukumar gine-gine ta zo ta duba. In maigida ya ce yana da aboki mai ɗan taɓa aikin wuta, ki lallashe shi ya bari.

Sai maganar kuɗi, inda gizo ke saƙar. Mai talla zai gaya miki tukunyar lantarki ba ta ɓarna, duk wutar da ta ci zafi ta ke zama, ta gas kuwa tana asarar kamar kashi ɗaya cikin goma ta hanyar hayaƙi. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Abin da bai faɗa ba shi ne farashin yunit. A watanni uku na ƙarshen 2024 hukumar da ke ƙayyade farashi, Ofgem, ta sa yunit ɗin lantarki kwabo 24 da rabi, na gas kuwa kwabo 6 da 'yan kai. Kusan ninki huɗu ke nan. (Fam ɗinsu kwabo 100 ne tun 1971, ba 240 ba kamar yadda kakanninmu suka sani.)

Ɗauko allo mu yi. Tukunya mai kilowat 9 in ta yi sa'a guda tana aiki ba tsayawa ta ci yunit 9, watau fam 2 da kwabo 20. Sa'a biyar a yini, fam 11. A wata, fam 330, ban da fitila da girki da wanki. A lissafin hukumar nan na 2024 matsakaicin gida yana cin yunit 11,500 na gas a shekara, wanda a farashin can ya kama kamar fam 720. In da lantarki za a samo wannan zafi, sai an ci yunit wajen 10,000, watau fam 2,450. A ganina ɗalibi mai iyali ba zai iya wannan ba sai ya ci bashi. Farashi yana sauyawa duk wata uku, saboda haka ki nemi na lokacin da kika isa, ki sa shi a gurbin nawa.

Za ki ji ana yabon wani tsari mai suna Economy 7, wanda aka fara a 1978, inda wuta ke araha na sa'a bakwai cikin dare. Ki yi hankali da shi, don na rana ya fi na kullum tsada. Yana da amfani in gidan na da babban tanki mai riƙe ruwan zafi, ko kuwa irin hitar nan mai tubali a ciki da ke shan zafi da dare ta sake shi da rana. Amma tukunyar da ke dafa ruwa nan take, da maraice ki ke bukatarta sa'ad da yara suka dawo makaranta, lokacin tsada ke nan.

To, kafin maigida ya sa hannu a takardar haya, ki tambaya da bakinki, kada ki ji kunya. Da me a ke ɗumama gidan? In da lantarki ne, kilowat nawa ce tukunyar, babban fis kuma nawa ne? Ki ce a nuna miki takardar duba wayoyi, don tun 2020 doka ta wajabta wa masu gidajen haya a Ingila su sa a duba duk shekara biyar. Akwai kuma wata takarda mai nuna yadda gida ke riƙe ɗumi, daga A har G. Mai A ya fi kowanne, mai G kuwa kamar zuba ruwa a kwando ne. Gida mai arahar haya da ke can ƙasan jerin, da tukunyar lantarki a ciki, ya kan fi mai tsadar haya cin kuɗi kafin sanyi ya wuce.

In kuwa kin riga kin shiga, ba yadda za ki yi, sai ki sa ma'aunin da ke bango a digiri 18, wanda likitocinsu suka ce ya isa lafiya. Ki rage zafin ɗakunan da ba kowa, ki ja labule tun magariba, ki toshe ƙarƙashin ƙofa da tsohon zane. Amma kada tsoron kuɗi ya sa ki kashe ta ɗungum in da jariri ko tsohuwa a gidan.