Yadda ake maganin taɓin hankali da lantarki

Mutane da dama na firgita idan suka ji cewa za a sanya wa mara lafiya lantarki a ka. Amma har yau likitocin ƙwaƙwalwa na ɗaukar wannan hanya, wadda suke kira ECT a taƙaice, a matsayin ɗaya daga cikin mafi saurin aiki a kan ciwon tsananin damuwa.

Asalinsa

Wasu likitoci biyu, Ugo Cerletti da Lucio Bini, su ne suka fara gwada ta a birnin Rum na ƙasar Italiya a shekarar 1938. Kafin nan, a 1934, wani likita ɗan Hungari, Ladislas Meduna, ya riƙa haddasa wa majinyata jijjiga irin ta farfaɗiya da allurai, bayan ya lura cewa hakan na kawo musu sauƙi.

A farko ana yin aikin ne mutum na farke, abin da kan jawo karyewar ƙashi. Sai a shekarun 1950 amfani da allurar sa barci da ta sassauta tsoka ya yaɗu.

Yadda ake yi

Bayan mara lafiya ya yi barci, ana ɗora ƙarafa biyu a kansa, a saki lantarki na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan kan haifar da jijjiga a ƙwaƙwalwa wadda galibi ba ta kai minti ɗaya ba. Akan maimaita sau biyu ko uku a mako, har sau 6 zuwa 12.

Ana yin sa ne ga wanda magunguna suka kasa yi wa aiki, ko wanda ya daina ci da sha da magana, ko ake fargabar zai kashe kansa.

Illoli da taƙaddama

Majinyaci kan farka da ciwon kai ko ruɗewa na ɗan lokaci. Babbar matsalar dai ita ce mantuwa. Akasari tana wucewa cikin makonni, sai dai wasu na kokawa cewa akwai abubuwan da ba su sake tunawa ba. Haka kuma ciwon kan dawo idan ba a ci gaba da shan magani ba.

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a 2005 da a daina yin sa ba tare da allurar sa barci ba, kuma kada a yi sai da yardar majinyaci. Indiya ta haramta yin sa babu allurar a dokarta ta 2017.

Likitoci na shawartar iyalai da su nemi cikakken bayani a kan amfani da kuma illolin aikin kafin a sanya hannu a takardar amincewa.