Laburaren Jama'a da Shirye-shiryen Karatu a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Laburaren jama'a ɗakin karatu ne da hukuma take buɗewa da kuɗin al'umma domin kowa ya shiga, yaro da babba, mace da namiji, mai takardar shaida da wanda bai taɓa zama a aji ba. Nan ya bambanta da laburaren jami'a, irin na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda aka tanada domin ɗalibai da malamansu. Aikin laburaren jama'a kashi biyu ne. Na farko shi ne tara littattafai da jaridu, a jera su, a ba da aronsu. Na biyu shi ne shirya zama da tarurruka da azuzuwan da za su sada mutum da littafi. Kashi na biyun aka fi sakaci da shi, alhali shi ne ya fi nauyi a garuruwan manoma irin su Ikara, Maƙarfi da Hunƙuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, inda mutum ba ya barin gonarsa ya je ya zauna cikin kantocin littattafai sai da dalili mai ƙarfi.

Karatu ya riga laburare zuwa wannan yanki da ɗaruruwan shekaru. Ƙasar Zazzau ce, kuma tsarin makarantar allo da makarantar zaure ya kafu a cikinta tun da daɗewa. Yaro ya fara da babbaƙu da farfaru, in ya sauke Alƙur'ani ya koma gaban malami ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Abin lura shi ne yadda ake karatun. Da murya ake yinsa, cikin jama'a: almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara, na gefe su saurara su ƙaru ko da ba su riƙe da littafin. Haka tafsirin watan azumi yake gudana har yau. A ɓangaren mata kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru a ƙarni na 19, inda malamai mata da ake kira jaji suke ɗaukar waƙoƙin ilimi su kai wa matan karkara. Saboda haka Bahaushe ya san karatu a matsayin abin da ake taruwa a yi. Zama shiru a kan kujera, kowa da littafinsa, baƙon abu ne da ya zo daga baya.

Ɗakunan karatu na boko sun yaɗu a Arewa ne a lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da hukumomin En'e suka buɗe su a manyan garuruwa domin mutane su samu labarin yaƙi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, ita ce babbar hajarsu. Wanda ya iya boko ya karanta da ƙarfi, sauran su kasa kunne, kamar dai a zaure. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda yake aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu da makarantu. A shekarar da ta biyo baya hukumar UNESCO ta yi taro a Ibadan kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, sannan a 1963 wani masani mai suna F. A. Sharr ya rubuta rahoto kan bukatun Arewa a wannan fanni. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, sai kula da laburaren jama'a ya koma hannunsu. A Jihar Kaduna yau nauyin yana kan hukumar laburare ta jiha, mai hedikwata a Kaduna da rassa a garuruwa irin su Zariya da Kafanchan. Ƙananan hukumomi ma suna da ƙofar shiga, domin tsarin mulkin 1999 ya sa su cikin masu kula da ilimin firamare da na manya.

Akwai wata gata da wannan yanki yake da ita wadda ba kowane wuri ya samu ba, wato kusanci da Zariya, mahaifar ɗab'in Hausa. A can Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. A can aka kafa kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945. A can hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950, tana buga ƙananan littattafai masu araha domin waɗanda suka fito daga azuzuwan Yaƙi da Jahilci, har da jaridun larduna, kamar Bazazzaga ta lardin Zazzau. Kamfanin NNPC mai buga littattafai ya biyo baya a 1966. Masu tsara Yaƙi da Jahilci sun gane wani abu da ake yawan mantawa: wanda ya koyi haɗa baƙi bai samu abin karantawa ba, cikin 'yan watanni karatun zai zube. Shi ya sa suka haɗa aji da littafi da jarida da mai tallarsu.

Shirye-shiryen laburare ana tsara su ne bisa shekarun masu amfani da shi, kuma na ƙananan yara ne tushe. Mafi sauƙi shi ne zaman labari: a tara yara a kan tabarma, babba ya buɗe littafi mai hotuna ya karanta da murya, yana tsayawa yana tambayarsu me suke tsammanin Gizo zai yi. Ba ya bukatar lantarki ko kwamfuta. Amfaninsa kuwa yana da yawa, domin yaron da ake karanta wa yana tara kalmomi, yana gane cewa rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, yana kuma sabawa da cewa a cikin takarda akwai labari mai daɗi. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana duk suna da gurbi a nan, kuma tsohuwar da ta iya “ga ta nan, ga ta nanku” ma'aikaciya ce ta gari ko da ba ta san harafi ɗaya ba. Harshen da ake karatun da shi ne ginshiƙi. Yaron Paki ko Likoro da Hausa yake tunani. In aka fara masa da littafin Ingilishi, an ɗora masa kaya biyu lokaci guda, koyon karatu da koyon harshe. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko, irin su RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta! a Bauci da Sakkwato, sun samar da littattafan yara masu matakai, daga mai jimla ɗaya a shafi har zuwa cikakken labari. Irin waɗannan ne suka fi cancantar kantar yara, fiye da tsofaffin littattafan gudummawa daga Turai masu maganar dusar ƙanƙara.

Bukatar matasa daban ce, kuma ta fi fitowa fili. Ɗalibin sakandare mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO yana neman wuri mai shiru da haske, abin da ke da wuya a gidan da ake da mutum ashirin. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, don haka yaron ƙauyen da bai taɓa taɓa madannai ba yana shiga ɗakin jarrabawa da rauni tun kafin ya ga tambaya. Kwamfuta biyar ko shida da farantin sola a laburare suna iya rage wannan giɓi. Maƙarfi kuma gari ne mai ɗalibai, saboda kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke can. Sai dai akwai haɗari a nan. Laburare da yawa a Nijeriya sun zama zauren bitar jarrabawa kawai: su cika maƙil kafin jarrabawa, su zama kufai bayanta, kuma masu zuwan da littattafansu suke zuwa. Maganin haka shi ne ƙungiyar makaranta littafi, inda matasa za su zaɓi littafi ɗaya su karanta, su haɗu bayan mako biyu su yi muhawara a kansa, tare da gasar rubutun gajeren labari da waƙa da wasan kwaikwayo. Bukukuwan littattafai na Kaduna, wato KABAFEST da aka fara a 2017 da HIBAF na adabin Hausa da aka fara a 2021, sun nuna cewa akwai matasa masu ƙishirwar irin wannan zama, amma a birni ake yinsu.

Mata su ne manyan makaranta littattafan Hausa, kuma su ne laburare ya fi kasa kaiwa gare su. Tun daga shekarun 1980, da littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka ɓullo, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino suka samu ɗimbin masu karatu a cikin gidaje. Littafi guda yakan zaga unguwa, daga wannan ɗaki zuwa wancan, ta hannun yaran da ake aike, wasu kuma su karɓo haya daga mai shago. Wannan laburare ne a aikace, sai dai ba shi da gini ko kati. Yanzu harkar ta koma waya: ana tura labari babi-babi a WhatsApp, ana sauraren wanda aka karanta a YouTube. Matar aure da ba ta fita sai da dalili ba za ta je ta zauna a ɗaki ɗaya da samari ba. Abin da yake aiki shi ne a ware wa mata rana ko sa'o'insu, da ma'aikaciya mace, ko a kai akwatin littattafai makarantun Islamiyya na matan aure, inda dama suke taruwa. Wasu suna raina littattafan soyayya, amma su ne suka riƙe karatun boko na dubban matan da aka cire daga makaranta, kuma wadda ta saba da su ba za ta sha wuyar karanta takardar asibiti ko ta rigakafi ba.

Ga magidanta kuwa, ƙofar shiga ita ce sana'a. Maƙarfi da Kudan ƙasar rake ce da mazarƙwaila, Kudan ta yi suna da noman inabi, Ikara kuma da tumatir, har da masana'antar sarrafa shi. Manomi yana son sanin ma'aunin maganin feshi, da irin da ya dace da ƙasarsa, da yadda zai cike takardar rance. A 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Jihar Kaduna har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. A irin wannan hali, takarda ɗaya da Hausa mai hoton ƙwaron da bayanin yadda ake tunkararsa ta fi kanta guda ta manyan littattafai. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta wayar da kan manoma ta NAERLS duk a Samaru suke, tafiyar da ba ta da nisa, kuma suna buga ƙasidun noma. Laburare yana iya tara su, ya kuma gayyato malamin gona ya zauna da manoma. Ajin yaƙi da jahilci na dare ma wurinsa ke nan. Dattawan da suka iya ajami ba a lissafa su cikin marasa karatu, domin da shi suke rubuta wasiƙa da lissafin bashi, kuma wanda ya san ajami yana saurin kama boko. Waɗanda idonsu ya yi rauni sai a karanta musu, su kuma a naɗi abin da suka sani na tarihin gari da sarautu da sana'o'i a ajiye.

Lokaci yana cikin abin da ke tayar da shiri ko ya kashe shi. Laburaren da yake buɗewa da safe ya rufe da la'asar, kamar sauran ofisoshin gwamnati, yana aiki ne daidai lokacin da yara suke aji, manya suke gona. Da damina, daga shuka zuwa noman farko da maimai, ba a samun kowa sai bayan la'asar. Bayan kaka ne ake ɗan sararawa, ko da yake masu fadama da masu rake suna cikin aiki har da rani. Ranar kasuwa tana tara mutanen ƙauyuka a wuri ɗaya, don haka rumfar aro a bakin kasuwa tana iya kaiwa ga wanda ba zai taɓa zuwa ginin ba. A Garissa ta ƙasar Kenya an yi amfani da raƙuma wajen kai wa makiyaya littattafai tun daga shekarun 1990. A nan babur da akwatin ƙarfe sun isa kai su Auchan ko Gubuchi ko rugagen Fulani, inda makarantun 'ya'yan makiyaya suke ƙarƙashin hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 mai hedikwata a Kaduna. Ranaku biyu na duniya suna ba da dalilin taro: 23 ga Afrilu ta littafi, da 8 ga Satumba ta yaƙi da jahilci.

Saura batun kuɗi da kulawa. Kasafin laburaren jiha yawanci albashi ne yake cinye shi, abin da ya rage na sayen sababbin littattafai kaɗan ne, kuma mai karatu da ya zo sau biyu ya tarar da abin da ya bari ba ya dawowa na uku. Gara da ƙura da yoyon rufi suna cin nasu rabo. Tsoron ɓatan littafi yakan sa wasu ma'aikata su hana aro gaba ɗaya, wanda hakan yake rufe ƙofa ga mata da mutanen ƙauye, su da ba za su iya zama a ɗakin ba. A garin da kowa ya san kowa, rajista da shaidar mai unguwa ko shugaban makaranta ta wadatar a matsayin jingina. Ƙungiyoyin ci-gaban gari da na tsofaffin ɗalibai su ne suka fi saurin tara gudummawar gini da kujeru da sola, amma albashin ma'aikacin da zai riƙa buɗe ƙofa kullum, ya jera littattafai, ya shirya zaman yara, ya bi sawun aro, hukumar jiha ko ƙaramar hukuma ce kaɗai take iya ɗaukarsa shekara da shekaru.