IN MAWAƘI YA RASU, GANGA TAKAN BI SHI KABARI NE?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kwali

A cikin shekarar 1991 masu sha'awar kiɗa sun yi manyan rashi guda biyu, ɗaya a ƙasar Hausa, ɗaya a ƙasar Turawa. A nan gida Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun rasuwa, watau makaɗin kotson nan da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da manyan sarakunan Arewa waƙoƙi. A birnin Landan kuwa, ran 24 ga watan Nuwamba, Freddie Mercury ya mutu, shi ne mawaƙin ƙungiyar Queen, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin kiɗan da Turawa ke kira rok, wanda ake yi da jita mai aiki da lantarki da manyan ganguna. Ba harshe ɗaya suka yi waƙa da shi ba, kuma ba jama'a ɗaya suka yi wa ba, amma kowannensu ya bar mutanensa cikin tunani iri ɗaya. Ga ganguna, ga makaɗa, ga waƙoƙi an haddace, ga masu son ji, sai dai bakin da ke jan waƙar ya tafi. Shin a watse ne kowa ya kama gabansa, ko kuwa a samo wani ya tsaya a gaba?

Wannan magana ta shafe ku ƙwarai, ya ku 'yan'uwanmu mazauna Kudu, domin ku ne mutanen Sabon Badun da Agege da Idi-Araba da Shagamu da Fatakwal kuke aikawa gida a ɗauko muku makaɗa in za ku yi biki ko naɗin sarauta, kuma ku ne masu liƙi. In aka ce muku ƙungiyar wane ta sauka, alhali kuwa wane ya daɗe da kwanta dama, ya kamata ku san abin da za ku ji, da kuma wanda kuɗinku zai shiga aljihunsa.

YADDA TURAWA SUKA YI

An kafa ƙungiyar Queen a Landan cikin 1970. Mawaƙinta Freddie Mercury haifaffen tsibirin Zanzibar ne, a gabashin Afirka. Bayan mutuwarsa ƙungiyar ta shafe fiye da shekara goma ba ta fita rangadi ba, har ɗaya daga cikinsu, John Deacon, ya ajiye jitarsa ya koma gida cikin 1997. Sai a 2005 sauran biyun, Brian May mai jita da Roger Taylor mai ganguna, suka sāke haɗuwa suka ɗauko wani tsohon mawaƙi, Paul Rodgers, suka shiga duniya da shi. Sun rabu cikin 2009. Daga 2012 kuma suka fara fita da wani saurayi Ba'amurke mai suna Adam Lambert, wanda ya yi suna a gasar waƙa ta telebijin, kuma ko haihuwarsa ba a yi ba sa'ad da aka kafa ƙungiyar. Da shi suka zagaya Amurka da Turai da Japan da Ostareliya, suna cika filayen ƙwallo da jama'a.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya lura da su a nan. Na farko, ba su ɓoye wa kowa kome ba, a takardun talla sukan rubuta sunan Queen daban, sunan sabon mawaƙin daban. Na biyu, dukan mutum huɗun da ke ƙungiyar tun asali kowa yana tsara waƙa, saboda haka da mawaƙin ya mutu bai tafi da rumbun duka ba.

Haka nan ƙungiyar AC/DC ta ƙasar Ostareliya, mawaƙinta Bon Scott ya mutu cikin Fabrairun 1980, kafin shekarar ta ƙare sun ɗauki Brian Johnson sun fitar da sabon faifai mai suna Back in Black, wanda yake cikin fayafayan da aka fi saye a tarihi. Ita kuwa ƙungiyar Journey ta Amurka, a intanet mai jitarta ya tsinci wani mutumin ƙasar Filifin, Arnel Pineda, yana rera waƙoƙinsu, suka kirawo shi ya zama mawaƙinsu cikin 2007.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ku mutanen Ikko kun ga abin da ya faru da Fela Anikulapo Kuti ya rasu ran 2 ga Agusta 1997. Ɗansa Seun yana da shekara 14 kacal ya tsaya gaban ƙungiyar Egypt 80, tsofaffin makaɗan ubansa irin su Lekan Animashaun suna bayansa suna riƙe da shi. Da fari waƙoƙin uban yake maimaitawa, daga baya ya fito da nasa, har suka yi ta yawon ƙasashen Turai da Amurka.

MU MUN RIGA SU

To, abin da Turawa ke ta muhawara a kansa a jaridu, makaɗan fada na ƙasar Hausa sun daɗe da yi masa tsari. Gidan kiɗa kamar ƙaramar fada yake, akwai shugaba, akwai masu muƙamai a ƙarƙashinsa, akwai makaɗa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai kirari yana faɗa wa jama'a abin da aka bayar. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya koma kiɗa, sai ya yi shekaru kafin a bar shi ya ja waƙa.

Shi kansa Ɗanƙwairo ta wannan hanya ya biyo. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne. Daga hannunsa jagoranci ya koma ga wan Musa, watau Abdu Kurna, shi kuma Musa ya riƙe muƙamin Daudun Kiɗa, wanda yake kamar mataimaki mai jiran gado. Ashe ke nan mutumin da muke ɗauka shi ne tushe, shi ma sabon mawaƙi ne a tsohuwar ƙungiya wata rana. Bayan rasuwarsa kuma kotso bai bar gidan ba, zuriyarsa sun ci gaba da shi. Haka aka yi a gidan Aliyu Ɗandawo, makaɗin sarakunan Argungu da Yawuri, inda ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo ya ɗauki kiɗan ya kai shi har inda ya yi nasa sunan.

Me ya sa gadon yake yiwuwa a irin waɗannan gidaje? Duk wanda ya kasa kunne ga waƙar Ɗanƙwairo zai ji amsar da kansa. Jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya faro shi, kafin ya kai ƙarshe sai 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci ma su yi ƙari mai tsawo da murya ɗaya kamar mutum guda. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an tsara waƙar tare, an yi ta bita har ta zauna a kan kowa. Saboda haka waƙar fada dukiyar ƙungiya ce, rabinta yana bakin jagora, rabinta yana bakin yaransa. In jagora ya faɗi, akwai mutum biyar ko shida da suka san kowace gaɓa, suka san zuriyar kowane sarki da kirarinsa, suka san inda ake zambo da inda ake habaici. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to jinkar da hannu da yawa suka ɗauka, in ɗaya ya saki ba lalle ta faɗi ba.

SHATA DA ƊAN MARAYA

Sha'anin Alhaji Mamman Shata Katsina daban ne. Shi dai bai gaji kiɗa ba, shigarsa ya yi da ƙafarsa. Kuma tsarin waƙarsa ba irin na fada ba ne. Masu kalangu suna kaɗawa, 'yan amshi suna maimaita amshi guda wanda ba ya sākewa, shi kuwa Shata yana zubo 'ya'yan waƙa nan take, gwargwadon wanda ya gani a wurin da abin da ya faru a ranar. Shi ya sa za ka ji Bakandamiya a faifai kaza, ka sāke jin ta a wani kaset, ka tarar ba daidai suke ba. Wannan baiwa ita ta kai shi har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa cikin 1988, amma kuma ita ce ta sa gadonsa ya yi nauyi. Da ya rasu ran 18 ga Yuni 1999 aka kai shi Daura aka rufe, makaɗansa sun rage da kiɗa da amshi, amma masaƙar da ke saƙa zancen ta tafi. Ɗansa Sanusi ya ɗauki waƙa da kalangu, kuma duk wanda ya tsaya a wannan matsayi, kowane ne shi, da ma'aunin Shata jama'a za su auna shi, wanda kuwa ba ƙaramin kaya ba ne.

Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu cikin Yunin 2015, ya yi suna ne shi da kuntiginsa, shi ke kaɗawa shi ke rerawa. Irin wannan in ya tafi, babu wata ƙungiya da za a ce ta sāke haɗuwa, sai dai abin da aka ɗauka a faifai.

Ke nan kafin a ce gado zai yiwu ko ba zai yiwu ba, sai a duba a ina waƙar take zaune tun mai ita yana da rai. In a kan jama'a take, kamar gidan Ɗanƙwairo ko ƙungiyar Queen, sabon baki yana iya ɗaukarta. In a kan mutum ɗaya take, magaji sai ya yi haƙuri ya gina nasa.

KAMA DA WANE BA TA WANE

A nan Kwali akwai misalin da kowa yake riƙe da shi a aljihu, ko da yake ba na kiɗa ba ne. Matar nan da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, a wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane, yadda matan Gbagyi suka saba tun kaka da kakanni. Ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, cikin 1954, ta je Ingila da Amurka tana nuna gwaninta, ta rasu cikin 1984. Ba a daina gina tukwane a ƙasar Gbagyi don ta rasu ba, amma kuma babu mai gaskiyar da zai gina tulu yau ya ce na Ladi ne. Sana'a ake gada, hannu kuwa kowa da nasa.

Haka murya take. Magajin da ya tsaya ga kwaikwayon tarin maigida da yadda yake gyara hula, zai sami tafi a daren farko, amma ranar da aka ce ya yi wa sabon sarki ko sabon attajiri waƙar da ba a taɓa yi ba, a nan za a gane ko akwai ruwa a rijiyar. Sani Ɗandawo da Seun Kuti da Brian Johnson duk sun tsaya da ƙafafunsu ne domin sun zo da sababbin waƙoƙi a kan tsohon kiɗa.

WA YAKE SHAN WAHALA?

Wanda ba a cika tunawa da shi a wannan zance ba shi ne ɗan amshi da makaɗi. Mutum ya yi shekara talatin ko arba'in yana bin maigida gari gari, bai yi noma sosai ba, bai koyi kasuwanci ba, sunansa ba ya kan faifai, fuskarsa ba ta kan kaset. Abincinsa rabon da ake yi ne bayan an tashi daga wasa. Ranar da maigida ya rasu, ranar ce kasuwarsa ta tashi. Baturen da ya tsara waƙa yana karɓar ladanta duk sa'ad da aka sa ta a rediyo ko aka sayar da faifai, har magadansa su ci. A wurinmu kuwa waƙoƙin sun bar kaset sun koma wayar hannu, ana tura su daga wannan zuwa wancan a kasuwa da tasha, ba tare da kwabo ya kai ga waɗanda suka yi gumi a kansu ba. A bukukuwa da yawa a yau, daga Kwali har Agege, saurayi guda da na'ura da lasifika ya maye gurbin mutum goma.

Saboda haka in tsofaffin yaran wani makaɗi suka haɗu suka sa sabon jagora a gaba, kada a yi saurin cewa kwaɗayi ne. Sau da yawa ita ce kaɗai hanyar tuwonsu, kuma ita ce hanyar da yara masu tasowa za su ga yadda ake ɗaure kotso da yadda ake matsa kalangu har ya yi magana, abin da ba a koyonsa daga rediyo.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai masu ɗaukar sunan mamaci su yi ta yawo da shi, alhali ko ruwa ba su taɓa miƙa masa ba. To, shawara gare ku sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyi na Kudu, in za ku gayyato irin wannan ƙungiya, ku tambaya su wane ne a cikinta daga mutanen marigayi, kuma da yardar gidansa aka fito ko kuwa. A takardar gayyata a rubuta sunan mai waƙar na yanzu a fili, kamar yadda mutanen Queen suka yi, kada a sayar wa jama'a sunan wanda ba zai zo ba. In an zo liƙi kuma, kada a tsaya ga goshin jagora kaɗai, a taka a kai ga dattijon nan mai furfura da ke tsaye a baya yana amshi, domin wataƙila shi ne kaɗai ya rage wanda ya san waƙar daga farkonta har ƙarshe. Masu hali daga cikinku kuwa, da za su ɗauki nauyin a zauna da irin waɗannan dattawa a ɗauki muryarsu da labarinsu tun suna raye, da sun yi wa Arewa aikin da ya fi liƙin dare ɗaya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.