Gwajin DNA Don Gane Mace da Namiji: Wane Tsuntsu Ne Ya Cancanta?

Tambayar da ta fi yawa a wannan shafin ita ce: "Malam, ya zan gane mace da namiji tun suna ƙanana?" Wasu sun ji ana gwajin DNA, suna son a yi wa 'yan tsakinsu. To ga yadda abin yake.

A wajen tsuntsaye, ƙwayar halittar mace ce ke yanke jinsi, ba kamar mutane ba. Namiji yana ɗauke da ZZ, mace kuma ZW. Ana fige gashi uku ko huɗu daga ƙirji, ko a ɗauki ɗigon jini, a kai ɗakin gwaji. In injin PCR ya nuna W, mace ce. Amma fa sai gashin da aka fige sabo, ba wanda aka tsinta a ƙasan keji ba, don a gindinsa abin yake.

Wa ya kamata ya yi? Ni a ganina, mai tsuntsu mai tsada. Nan cikin birni, daga Yakasai har gindin Dala, akwai masu tattabarun ƙawa da suke zuba kuɗi sosai. Tattabara kuwa tana da ruɗi. Sai ka haɗa biyu, su shaƙu, su yi sheƙa, ashe duk mata ne. Ka ga ƙwai huɗu maimakon biyu, kwana 18 ya wuce ba ƙyanƙyasa, ga dawa tana ta tafiya. Haka aku da 'ya'yan jimina, ido ba ya raba su da wuri. Mai irin waɗannan ya fara tuntuɓar likitan dabbobi, kamar a asibitin Gwale, kafin ya tura wa wani kuɗi ta intanet.

Amma kai da za ka fara da katan ɗaya na 'yan tsaki, tsaki 50, kuɗin gwajin zai cinye ribar. Kuma ba ka buƙatarsa. Jajayen leyas irin ISA Brown tun ranar farko launi ke raba su: matan ja-ja, mazan fari-fari. In aka miƙo maka farare aka ce leyas ne, kar ka karɓa, zakaru za ka ciyar. Zabuwa kuwa jira za ka yi kamar wata biyu, mace ce kaɗai ke kuka mai gaɓa biyu.

A Turai har cikin ƙwai ake gwadawa, wajen kwana na 9, saboda Jamus ta haramta kashe mazan 'yan tsaki tun 1 ga Janairun 2022. Mu nan ba ma kashe su. Kokarel muke ce musu, mu saya da araha, mu yi kiwo mu kai kasuwa lokacin Sallah.