Hannun ƙofa, makulli da sakata: Abin da ya kamata magidanci ya sani kafin ya canza su

A gidaje da yawa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, akwai ƙofar da 'yan gida kaɗai suka san sirrin buɗe ta. Wata sai an ɗaga ta da gwiwa kafin mabuɗi ya juya. Wata hannunta ya langaɓe, sai an tallafe shi. Wata kuwa an daɗe da cire hannun, an zura tsumma ko waya a ramin. Da yake lalacewar a hankali take zuwa, sai ido ya saba da ita, har ranar da ƙofar za ta ƙi rufuwa da tsakar dare, ko ta ƙi buɗuwa alhali yaro yana ciki.

Ƙofa aiki biyu take yi: ta hana na waje shigowa, ta kuma bar na ciki ya fita da sauri idan bukata ta taso. Babu makullin da zai tare mahara masu ɗauke da bindiga, wannan aikin hukuma ne. Amma ɓarawon unguwa da ke zagayen dare sauƙi yake nema, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malamai ma sukan tunatar da hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya yi umarni da rufe ƙofofi da ambaton sunan Allah da kuma kashe fitilu lokacin kwanciya.

Abin da ke cin kayan ƙofa

Yanayin Zamfara ba ya raga wa ƙarfe ko katako. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ramin mabuɗi ta taru a ciki. Da damina ta sauka, ƙyauren katako, wanda a nan ake kira gambu, yakan sha danshi ya kumbura, na ƙarfe kuma ya fara tsatsa daga ƙasa. Idan rani ya dawo katakon ya bushe ya tsuke, sai ramukan noti su buɗe, hannu ya fara rawa. Ga gara a gidajen ƙasa, ga yara masu lilo da hannun ƙofa.

Akwai kuma laifin masu gida. Da mabuɗi ya fara tauri sai a ɗiga masa man gyaɗa ko manja. Zai yi laushi na 'yan kwanaki, daga baya man ya daskare ya haɗu da ƙura ya zama danƙo. Abin da ya dace da ramin mabuɗi shi ne busasshen garin bakin fensir: a goga shi a jikin mabuɗin, a zura a zare sau da yawa. Man inji kuwa na hinji ne da sakata.

A gano ciwon kafin a sayi magani

Makullin da ake binnewa a cikin ƙyaure, wanda wasu ke kira kuba, sassa kaɗan ne ke gare shi. Akwai hannaye biyu, na ciki da na waje, da gajeriyar sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu da ta haɗa su, wadda kaurinta yawanci milimita 8 ne. Akwai akwatin makullin, mai harsuna biyu: na sama mai gefe a karkace, wanda hannu ke ja, da na ƙasa, wanda mabuɗi ke turawa. Sai farantin ƙarfen da ke jikin firem, inda harsunan ke shiga. A makullan zamani akwai silinda, wato ɗan dunƙulen da mabuɗi ke shiga, wanda asalinsa ƙirar wani Ba'amurke ne, Linus Yale ƙarami, da ya yi wa rajista a 1861 da 1865.

Idan hannu ya sunkuya bai koma daidai ba, sifirin ɗinsa ne ya karye ko ya saki. Idan yana juyawa amma harshe ba ya motsi, sandar nan ce ta cinye, ko ramin da take zama ya zama kewayayye. Idan rawa kawai yake yi, noti ne suka kwance. Idan kuwa mabuɗi ne ke tauri, a buɗe ƙofar a gwada shi. In ya juya lafiya lau a buɗe amma ya ƙi a rufe, makullin ba shi da laifi: ƙyauren ne ya sauka saboda hinji ya saki, har harshe ya daina saituwa da raminsa. Mutane da dama sun sayi sabon makulli alhali hinji ne ke neman gyara.

Awo kafin zuwa kasuwa

Makullai ba girmansu ɗaya ba, musamman yanzu da ake shigo da ƙofofi daga Sin da Turkiyya, ga kuma waɗanda masu walda ke ƙerawa a gida. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire tsohon a tafi da shi shago. Wannan ya fi zama wajibi ga mutumin Tsafe ko Bunguɗu da zai shigo Gusau sayayya, domin kuskuren awo yana nufin sake biyan kuɗin mota da sake hawa hanya.

Wanda ba zai iya barin ƙofarsa babu makulli ba, sai ya auna abubuwa huɗu: kaurin ƙyaure, tazarar da ke tsakanin gefen ƙyaure da tsakiyar ramin mabuɗi, tazarar da ke tsakanin ramin sandar hannu da ramin mabuɗi, wadda a makullai masu silinda takan zama milimita 72 ko 85, sai tsawon silindar kanta. Silindar da ta yi tsawo ta leƙo waje, ɓarawo yana iya kama ta da filaya ya karya, don haka kada ta ɗara fuskar hannun da fiye da milimita 3.

A wajen zaɓe, sheƙi ba shi ne inganci ba. Hannaye masu araha da yawa ƙarfen zuba ne mai gautsi da aka shafa wa ruwan zinare ko na azurfa. A juya bayan hannun a ɗan kankare inda ido ba ya gani: tagulla ta gaskiya launinta ɗaya ne ciki da waje, jabu kuwa toka-toka zai bayyana a ƙarƙashi. A danna hannun a saki, a ga ko zai koma da ƙarfinsa. A ƙirga mabuɗan, a gwada kowanne a gaban mai shago. Araha dai ba ta ado.

Yadda ake canzawa

A ƙofar katako, aikin bai fi ƙarfin magidanci mai sukundireba ba. A buɗe ƙofar a tokare ta, kada iska ta rufe ta ana tsakiyar aiki. A kwance notin hannayen, a zare su tare da sandar. Silinda noti ɗaya ne dogo ke riƙe da ita daga gefen ƙyaure. A cire shi, a zura mabuɗi a ɗan karkata shi kaɗan, sai ta zaro. Daga nan a kwance akwatin a fito da shi. Kafin a saka sabon, a duba harshen sama: karkataccen gefensa ya fuskanci inda ƙofar ke rufuwa, kuma a yawancin makullai ana iya juya shi. Idan ramin noti ya buɗe, a cusa masa tsinken ashana ko siraran katako da gam, a bari ya bushe, sannan a ɗaura noti mafi tsawo. Kada a rufe ƙofar sai an gwada hannu da mabuɗi daga ciki da waje tana buɗe.

Ƙofar ƙarfe kuwa, wadda aka like hinjinta da wuta, aikin mai walda ce. A tabbatar ya cire makullin kafin ya kunna wuta kusa da shi, domin zafi yana kashe sifirin. Ƙyaure mai nauyi yana bukatar hinji uku. A kuma duba zaman firem a cikin bango, don makulli mai tsada a jikin firem da ke girgiza asarar kuɗi ce.

Masu haya da waɗanda suka yi ƙaura

Rashin tsaro ya sa iyalai da dama daga ƙauyuka sun koma cikin Gusau da garuruwan Tsafe da Bunguɗu, suna zaune a gidajen haya. Wanda ya karɓi mabuɗin ɗaki bai san hannu nawa ya ratsa ba, bai kuma san kwafi nawa aka yanka ba. Ba sai an canza makullin gaba ɗaya ba. Silinda kaɗai ta isa, kuma aikin 'yan mintoci ne. A sanar da mai gidan, a adana tsohuwar don ranar tashi. Haka ya kamata a yi duk lokacin da mabuɗi ya ɓata.

Kada kariya ta zama tarko

Tsoro ya sa wasu sun mayar da ɗakunansu kamar kurkuku: tagogi duk an like su da ƙarfe, ƙofa ɗaya tilo, kwaɗo biyu, mabuɗi kuma yana aljihun maigida. A lokacin hunturu, da ake kwana da garwashi a ɗaki kuma gobara ta fi yawa, wannan haɗari ne babba. A cikin hayaƙi da duhu babu mai natsuwar laluben mabuɗi.

Saboda haka ƙofar ɗakin kwana ta kasance ana buɗe ta daga ciki ba tare da mabuɗi ba, ko dai da sakata mai ƙwari, ko da silinda mai ɗan maɓallin murɗawa ta ciki, matuƙar babu taga ko gilashi kusa da za a zuro hannu. Sakatar ta zauna inda mace da babban yaro za su kai, a kuma riƙa sa mata mai don kada ta cije. Mabuɗin ƙofar gida ya sami wuri guda da kowa ya sani. Rufe yara da kwaɗo ta waje a tafi unguwa ko kasuwa kuwa, al'ada ce da ya kamata a bari.

Sau biyu a shekara ya isa a zagaya ƙofofin gida, kafin saukar damina da kuma farkon hunturu. A ɗaure notin da ya kwance, a share ƙura, a sa wa hinji mai, sannan a ba ƙaramin cikin masu hankalin gidan dama ya buɗe kowace ƙofa da kansa daga ciki. Wadda ta gagare shi, ita ce za a fara gyarawa.