Bayani Kan Hanyoyin Sufuri da Kuɗin Mota Daga Filin Jirgin Saman Kalaba

Gabatarwa

An shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'a, musamman mazauna karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda lalura kan kai su Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba, ta jirgin sama. Daga cikinsu akwai jami'an da ake turawa taro ko kwas, da iyayen ɗaliban Jami'ar Kalaba, da matasa masu yi wa ƙasa hidima, da kuma 'yan kasuwa masu harkar dabbobi, albasa, manja ko goro.

Sau da yawa matafiyi yakan yi lissafin kuɗin tikitin jirgi kaɗai, ya ɗauka da ya sauka tafiya ta ƙare. Sai ya fito daga filin jirgi sannan ya tarar da sauran aiki a gaba, kuɗin aljihu kuma sun yi kaɗan. Saboda haka ya kamata kowa ya san irin motocin da zai samu, da yadda ake yanka kuɗinsu, da nisan inda zai je, tun bai bar gida ba.

Filin jirgin da inda yake

Shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari ne ya buɗe wannan fili a 1983. A 2001 aka sa masa sunan Margaret Ekpo, fitacciyar 'yar siyasa mai fafutukar 'yancin mata, wadda aka haifa a Creek Town a 1914, ta kuma rasu a 2006. Hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, wato FAAN, ita ce ke gudanar da shi.

Ko da yake ana kiransa filin jirgin ƙasa da ƙasa, ƙaramin fili ne, kuma yawancin jiragen fasinja da ke sauka a cikinsa daga Abuja ko Legas suke tasowa. Wanda ya fito daga Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yola zai sauya jirgi ne a ɗaya daga cikin biranen nan biyu. Da yake jiragen ba su da yawa a rana, motocin haya ma suna taruwa ne a lokacin saukar jirgi, su watse bayan an kwashe fasinja.

Filin yana cikin gari ne, 'yan kilomitoci kaɗan daga tsakiyar birni, kusa da titin IBB. Ya bambanta ke nan da na Abuja ko na Fatakwal, waɗanda ke can bayan gari. Wanda zai tsaya a cikin Kalaba tafiyarsa gajeriya ce. Amma Jihar Kuros Riba doguwa ce, mai ƙananan hukumomi 18, ta miƙe tun daga bakin teku har iyakar Jihar Binuwai. Wanda zai wuce wata ƙaramar hukuma, babban kashin kuɗinsa da lokacinsa yana kan wannan zango na biyu.

Motocin da ake samu zuwa cikin gari

Na farko, motocin haya na filin jirgi. Waɗannan suna da rajista da hukumar filin, kuma suna tsayawa a bakin zauren fitowa. Shata ake ɗaukarsu, wato mutum ya biya kuɗin motar gaba ɗaya ta kai shi har ƙofar inda zai sauka. Su ne mafi tsada, domin direban yana biyan kuɗin ƙungiya da na shiga fili, yana jiran layi na tsawon lokaci, kuma sau da yawa ba fasinja yake komawa. Amfaninsu shi ne an san direban, an san lambar motar, idan an manta kaya akwai wurin da za a koma cigiya. Baƙon da bai san gari ba, da mai kaya masu nauyi, da wanda ya sauka da yamma, wannan ce ta fi dacewa da su.

Na biyu, motocin da ake kira ta manhajar wayar tafi-da-gidanka, irin su Bolt. Manhajar tana nuna kiyasin kuɗi tun kafin a shiga, da sunan direba da lambar mota, kuma tana aiko da rasit bayan an sauka. Sai dai tana buƙatar waya mai shiga intanet da isasshen caji, kuma kuɗin yakan tashi idan masu nema sun yi yawa ko ana ruwan sama. Kada a shiga sai an tabbatar lambar motar ta yi daidai da wadda ke cikin waya.

Na uku, tasi da ƙananan bas na cikin gari, waɗanda ake biyan kuɗin kujera. Ba a samunsu a bakin zauren fitowa, sai mutum ya taka da ƙafa ya fita ƙofar fili zuwa bakin titi. Su ne mafi araha, amma kowace tana da layin da take bi, saboda haka mai yiwuwa a sauya mota sau biyu kafin a isa. Sun dace da wanda ya san gari, kuma jaka ɗaya ce a hannunsa, da rana tsaka.

Na huɗu, motar masauki ko ta masu shirya taro. Wasu otal-otal suna aiko da mota idan an sanar da su lokacin sauka, wasu kyauta, wasu kuma su haɗa kuɗin da na ɗaki. A tambaya tun wajen kama ɗaki.

Game da acaɓa kuwa, a lura cewa gwamnatin jihar ta hana haya da babur a cikin birnin Kalaba tun 2009, zamanin Gwamna Liyel Imoke. Keke mai ƙafa uku, wanda muka sani da a-daidaita-sahu, yana aiki a unguwanni, amma ba kowane babban titi aka yarda ya bi ba. Don haka kada baƙo ya dogara da ɗayansu wajen fita daga filin jirgi.

Yadda ake yanka kuɗin mota

Kuɗin mota ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana bin farashin man fetur ne. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, ana sayar da lita ƙasa da N200 a gidajen man gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta koma kusan N500 ko fiye, a ƙarshen 2024 kuma ta haura N1,000 a wurare da dama. Saboda haka kuɗin da wani ya ce ya biya shekaru biyu ko uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne. A nemi farashin wannan mako daga bakin wanda ke zaune a garin.

Ban da mai, abubuwa biyar ne ke ɗaga kuɗi: nisan wuri, yawan kaya, lokacin sauka, ruwan sama, da lokacin buki. Ga hanya mai sauƙi ta gane ko an tsawwala. Kuɗin shatar tasi ta cikin gari bai kamata ya yi nisa da jimlar kuɗin kujerunta ba. A misali kawai, idan kujera N500 ce, motar kuma tana ɗaukar mutum biyar, to cikakken lodinta N2,500 ne, kuma daga nan ciniki zai fara. Motar filin jirgi za ta ɗara haka saboda dalilan da aka ambata. Wannan lissafi yana nuna cewa mutum huɗu da za su wuri guda, idan suka haɗa kuɗi suka ɗauki shata, rabon kowa zai sauko sosai, ga kuma sauƙi da tsaro.

A gama ciniki kafin a sa kaya a but. A faɗi sunan unguwa da titi da wata alama sananniya, a kuma tabbatar ko kuɗin ya haɗa da na ƙofa da na kaya. Harshen Ifik ne ya fi yawa a garin, amma direbobi suna jin Turanci da buroka. Wanda ba ya jin ko ɗaya, ya rubuta adireshin a takarda, ko ya kira mai masaukinsa ya yi magana da direban. A riƙe ƙananan kuɗi a hannu, domin tura kuɗi ta waya kan gamu da matsalar sabis.

Wuraren da aka fi zuwa a cikin gari

Bogobiri ita ce tsohuwar unguwar Hausawa a Kalaba, tana tsakiyar gari kusa da kasuwar Watt. Akwai masallatai, da masu canjin kuɗi, da masu abinci irin na gida, kuma duk direba ya san ta. Baƙon da bai san kowa ba yana iya fara sauka nan ya nemi jagora. Jami'ar Kalaba da asibitin koyarwarta suna ɓangaren titin Etta Agbor, ba nisa da filin jirgi. Tinapa da babban zauren taro na ƙasa da ƙasa suna arewacin gari, haka ma yankin 8 Miles da unguwar Nasarawa inda kasuwar dabbobi take. Waɗannan sun fi nisa, ana bin babban titin Murtala Mohammed, kuɗinsu kuma ya ɗara na tsakiyar gari.

Masu wucewa wajen gari

Babu motar dogon zango da ke lodi a filin jirgi. Sai an shiga gari zuwa tasha ko ofishin kamfanin sufuri, kuma motocin tasha ba sa tashi sai sun cika. Babbar hanyar fita daga Kalaba tana rabuwa biyu a mararrabar Odukpani.

Reshen yamma ya bi ta Itu zuwa Uyo, babban birnin Akwa Ibom, tafiyar kimanin kilomita 100. Manyan motoci masu dakon siminti da tsakuwa sun yi yawa a kanta, an kuma daɗe ana aikin mayar da ita tagwaye. A damina cunkoso kan tsayar da matafiya awoyi da yawa. Wanda harkarsa ke Akwa Ibom gara ya sauka a filin jirgin Victor Attah da ke kusa da Uyo, wanda aka buɗe a 2009.

Reshen arewa ya bi ta Akamkpa, Ugep, yankin Obubra inda sansanin masu yi wa ƙasa hidima yake, sai Ikom, wadda ke sama da kilomita 200 daga Kalaba, sannan Ogoja. Daga Ikom ake karkata zuwa Mfum, iyakar Nijeriya da Kamaru. Wurin shaƙatawa na tsaunin Obudu kuwa ya wuce kilomita 300, tafiyar yini ce sukutum. A nan akwai abin lura ga mutanen Arewa. Ogoja da Obudu suna kusa ne da Jihar Binuwai. Wanda ya hau jirgi zuwa Kalaba domin ya je can, ya wuce wurin ne ta sama, sannan ya dawo baya da mota. Sau da yawa bin hanyar Makurɗi da Gboko, ko sauka a Inugu a bi ta Abakaliki, ya fi sauƙi da araha.

Akwai kuma jiragen ruwa da ke zuwa Oron da Creek Town. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta sa rigar kariya. An sha samun rahoton 'yan fashi a waɗannan ruwaye, don haka baƙo ya nemi shawarar mutanen gari kafin ya zaɓi wannan hanya.

Lokaci da yanayi

Kalaba tana samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, wato ninki uku ko fiye na abin da Kano ke samu, daminarta kuma tana kai wa daga Afrilu har Oktoba ko bayan haka. Ruwa da hazon hunturu duk suna jawo jinkirin jirgi. Mai wucewa wajen gari ya nemi jirgin safe. Idan jirgi ya yi latti har yamma ta yi, ya kwana a Kalaba ya kama hanya da sassafe. Kuɗin kwana ɗaya bai kai hatsarin tafiyar dare ba.

A watan Disamba ana gudanar da bukin Kanibal, wanda aka fara a 2004 zamanin Gwamna Donald Duke. A ƙarshen watan ana rufe manyan titunan tsakiyar gari, kuɗin jirgi da na mota da na masauki duk su tashi. Wanda tafiyarsa ba ta gaggawa ba ce, ya ɗage ta zuwa Janairu.

Shawara ga jami'an ƙananan hukumomi

Jami'in da ke tsara tafiyar ma'aikata ya sa kuɗin mota na zuwa da dawowa daga filin jirgi a cikin kiyasi, da na zango na biyu, da na kwana ɗaya na ko-ta-kwana. Direbobin tasi ba su cika bayar da rasit ba, abin da kan jawo tambaya daga masu binciken kuɗi idan an zo yin bayanin abin da aka kashe. A yi amfani da motar da ke bayar da rasit, ko kuma a rubuta kwanan wata da lambar mota da adadin kuɗi, direba ya sa hannu. Idan tawaga ce, a kama mota ɗaya tun kafin a tashi.

Ana kuma roƙon kansiloli da hakimai da dagatai su isar da wannan bayani ga iyayen matasan da aka tura hidimar ƙasa Kuros Riba, da sauran waɗanda ba su taɓa irin wannan tafiya ba.

Kammalawa

Kafin a shiga kowace mota, a aika wa wani na gida lambarta. Kada a karɓi tayin mutumin da ba a sani ba cewa zai rage hanya, kada kuma a riƙe wa baƙo kaya. Idan an shiga matsala, lambar agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma 122.

Wanda ya san nisan inda zai je, ya tambayi farashi tun yana gida, ya kuma sauka da sauran rana, zai isa da kuɗinsa da kayansa cikin kwanciyar hankali. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa lafiya.